Uwar Khal ta Gidan Mastura

Duk wanda ya taɓa hawa benen su Mastura a unguwar Hindawiyya ta Jidda ya san hancinsa ne ke riga shi isa. Tun daga matakala tsami zai tare ka, irin wanda ke tsinka yawu ko da ka ƙoshi. Khal ne, ruwan tsamin dabino, wanda take jiƙa turshinta da shi, wato kayan lambu masu tsami: karas, kokwamba, barkono da lemun tsami. A layin nan babu mai zama gaban ful da tamis, wato wake da gurasa, da safe ba tare da kwalbar turshin Ummu Mazen ba, kamar yadda ake kiran Mastura, sai dai in faɗa suka yi da ita, kuma faɗanta ba ya kwana.

A Jidda aka haife ta. Mahaifiyarta Turai ta zo aikin Hajji tana ƙarama tare da iyayenta, guzuri ya ƙare, zama ya miƙe, komawa gida ta zama labari. Turai ba ta bar wa 'yarta gwal ko gida ba. Tulu ta bar mata, da abin da ke cikin tulun.

Abin da ke ciki kuwa shi ne uwa. Wata aba ce mai santsi da take shimfiɗe a saman ruwan, kamar gandar da ta sha dahuwa. Kyan gani dai ba ta da shi, amma ita ce ke mayar da ruwan dabino khal. Za a jiƙa dabino, a murje, a tace, a zuba a tulu, a kwantar da uwa a kai, sannan a rufe bakin da farin ƙyalle a ɗaure da zare. Duk lokacin da Turai ke ɗaure ƙyallen sai ta ce, "A bar ta ta sha iska, ba ta son kulle." Mastura ta ji wannan magana har ta daina jin ta.

Uwar khal haihuwa gare ta. In ta ji daɗin zama sai ta yi ta tara 'ya'ya, ɗaya kan ɗaya, ita kuwa Mastura ba ta iya zubar da ko ɗaya. Saboda haka duk macen da ta shigo gidan, ko aron albasa ta zo, sai ta fita da 'yar kwalba da wani abu yana lilo a ciki. Amare sun karɓa, masu jego sun karɓa, har matar da ta zo kawo katin biki ba ta tsira ba. Mata kan yi tsegumi su ce ziyarar Mastura sai mai babbar jaka. Ta ji, ta yi dariya, ta ci gaba da abinta.

Abu ɗaya ne ke ci mata tuwo a ƙwarya duk tsawon shekarun nan, wato 'yan mitsi-mitsin ƙudajen da ke shawagi a kan ƙyallen. Mace ce mai tsafta har ta wuce misali, ga shi kuma kullum tana fama da su da mafici.

Sai mijinta Abdulwahid ya ajiye aikin tuƙin da ya yi wa wani kamfani tun yana saurayi. Namijin da ya saba fita tun asuba, in ya zauna a gida, kicin ne ke shan wahala. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya sake wa tukwane wurin zama, daga nan ya koma kallon masu haɗa tsami a waya. Wata rana ya dawo daga wani sito a Khumra yana nishi, ya dire kwali a tsakar ɗaki.

"Ummu Mazen, daga yau ke da ƙuda halas, kun rabu," in ji shi.

Ya fito da wata ƙatuwar kwalbar gilashi mai ƙyalli, da murfi mai roba a baki. A saman murfin akwai lanƙwasasshen bututu da ake ɗiga wa ruwa, iskar ciki ta fita, ta waje kuwa ba ta da hanyar shiga. Ya fito da wani siririn gilashi mai zane-zane da ke iyo a ruwa yana nuna yawan zaƙi, sai kuma 'yan takardun gwaji masu sauya launi gwargwadon tsami. Mai shagon ya ce masa na masu turshi ne.

Kada a ɗora wa Abdulwahid laifi shi kaɗai. Idon Mastura ya faɗa kan gilashin nan, zuciyarta ta tafi. Ta dubi tsohon tulunta mai baƙin gindi, ta ji har kunyarsa take yi. Da hannunta ta kwashe uwar gaba ɗaya, ta kwantar da ita a sabon gida bisa sabon ruwan dabino, ta murɗa murfin sai da ya yi ƙara.

Kwanakin da suka biyo baya kwanakin daɗi ne. Bututun ya fara ɓul, ɓul, su biyu su ja kujeru su zauna gabansa da shayi kamar masu kallon talabijin. Abdulwahid ya sa tabarau yana duban kumfa yana gyaɗa kai, sai ka rantse likita ne. Mastura ta kira 'yarta Haifa a Madain Fahd ta kanga wayar a jikin murfin don ta ji. Ƙuda kuwa ko ɗaya babu, sun yi ƙaura. Rabon da su yi hira mai tsawo irin wannan tun kafin a haifi ɗansu Mazen.

Da lokacin buɗewa ya yi, Abdulwahid ya yi bismilla ya tsoma takardar gwaji. A khal ɗin bara takardar ta yi ja sosai, amma a nan sai ta tsaya a wani launi mai shakku. Ya sake tsoma wata, haka. Mastura ta kai hanci. Ba tsamin da ta sani ba ne, wani wari ne mai ɗumi da ke hawa kai, wanda ba ta taɓa shaƙa ba tunda uwarta ta haife ta. Ta miƙa wa mijinta murfin.

Shi kam ya san shi. Ya sha ɗauko baƙin kamfani daga filin jirgi, wasunsu da wannan warin a bakinsu. Ya cire tabarau a hankali.

"Inna lillahi. Ummu Mazen, giya muka dafa."

"Mu? A gidan nan?"

"Mu ɗin nan. Har da shayi muka zauna muna yi mata gadi."

Ba wani asiri ba ne. Ruwan dabino sai ya sha iska yake wucewa ya zama khal, in an toshe shi sai ya tsaya a rabin hanya. Abdulwahid ya ce ko a buɗe a bar shi, ƙila ya ƙarasa da kansa. Mastura ta ce ba a ƙarƙashin rufinta ba, ko na wuni guda. Suka tuntsurar da kwalbar a magudana, ta wanke ta, ta sake wankewa, ta kuma sakewa. Uwar ta nutse can ƙasa ta yi baƙi ta saki jiki, ita ma ta bi ruwa. Sai da komai ya wuce Mastura ta dubi tulun da babu komai a ciki, ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai. Abin da Turai ta bari ke nan, kuma ita ce ta kulle shi.

Da ta share hawaye sai ta tuna da kwalaben da ta yi shekaru tana rabawa. Ta fara da Haifa. Haifa ta yi ta kame-kame da Larabci, a ƙarshe ta amsa cewa tata ta bushe tun tuni. Maƙwabciya ta ce yara sun fasa. Wata ta rantse ba ta san inda ta ajiye ba. Ashe duk karɓar kunya ake yi mata, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Abdulwahid ne ya tuna da Zinariya. Zinariya 'yar Najeriya ce da ta zo umara ta zauna, ta taɓa yin wanki da guga a benensu kafin ta koma Khumra tana dafa wa leburori abinci. Ranar da za ta tashi Mastura ta cusa mata 'yar kwalba a cikin kaya, ta manta da zancen.

Da hantsi suka shiga mota. Suka yi ta tambaya tsakanin sito-sito da garejoji har aka nuna musu ƙofa. Ba su kai ga sallama ba Mastura ta tsaya cak, ta riƙe hannun rigar mijinta. Tsamin matakalar gidanta ne ke fitowa daga ɗakin wata.

Zinariya ta rungume ta tana "Yaya, yau ke ce a Khumra?" A bayan ɗakin bokitan roba ne jere, kowanne da farin ƙyalle ɗaure da zare, ƙudaje na shawaginsu hankali kwance. Leburorin ba sa cin shinkafarta sai da turshi, in ji ta, ita ma har ta fara rabon 'ya'yan uwar ga matan unguwa. Da ta ji abin da ya faru ta yi dariya har da riƙe ciki, Abdulwahid ya sunkuyar da kai yana murmushi, Mastura ma dariyar ta ƙwace mata.

Zinariya ta wanke hannu, ta ɗago wata uwa mai kauri, ta sa a kwalba da ɗan ruwanta. Ta yago ƙyalle tana ɗaurewa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Yaya, a bar ta ta sha iska, ba ta son kulle."

Zinariya ba ta taɓa ganin Turai ba, ko hotonta. Daga bakin Mastura ta ɗauki maganar ranar da aka ba ta kwalba, ta riƙe ta duk shekarun nan, yau kuma ta mayar wa mai ita.

A hanyar komawa Hindawiyya ta ɗora kwalbar a cinya ta tallafe da hannu biyu, tana hararar duk ramin da mijinta ya faɗa. Rana ta take, ya miƙa hannu zai rufe gilasan mota ya kunna sanyi.

"Bar taga a buɗe, Abu Mazen," in ji ta. "Da Inna muke tafe."