Hancin Aro

Babana ya shekara talatin da ɗaya yana shayar da jirgin sama mai, amma ko sau ɗaya bai taɓa tashi a cikinsa ba. Ƙaramin jirgi ne mai kujeru huɗu da farfela ɗaya a goshi, na wani ɗan kasuwa da kowa ke kira Yallaɓai, wanda shi yake tuƙa abinsa. An sauya jirgin sau biyu, an sauya masu gadin ƙofa ban san adadi ba, Baba kuwa yana nan inda aka ajiye shi.

Jirgin irin wanda injinsa ya yarda da man mota ne. Man jirgi na ainihi yana da wuyar samu, don haka daga gidan mai ake sayowa a jarkoki, a juye a duro. Sai dai fetur ɗin mota ba ya son ajiya. In ya yi 'yan makonni cikin zafi sai ya fara lalacewa, ya bar danƙo mai toshe hanyar mai. Mota in ta shaƙe, gangarawa ake yi gefen titi a nemi bakanike. A sama babu gefen titi.

Ɗakin ajiyar man ƙarami ne, mai tagogi biyu can sama kusa da rufi. Duro huɗu ne a kan katako, kowanne an ɗan karkata shi don ruwa ya taru a gefe guda, kowanne da ranar sayensa da Baba ya rubuta da alli. Kullum da safe sai ya tsiyayo kaɗan daga gindin tankin jirgi a kofin gilashi, ya ɗaga sama yana neman ɗigon ruwa. Yana da wata kwalba mai layi da yake zuba ruwa da mai ya girgiza, don ya gane ko an gauraya man da abin da injin ba ya so. Kafin ya juye ko cokali ɗaya sai ya maƙala waya a jikin jirgi saboda tartsatsi.

Duk wannan ido yana iya yi. Amma alli ranar da aka sayo mai kawai yake faɗa, ba ya faɗin watannin da ya yi kwance a tankin mai sayarwa. Nan ne aikin hanci yake. Baba yakan buɗe murfi, ya kaɗa iskar da hannu zuwa fuskarsa, ya ce, "Wannan ya tsufa, a ba injin yankan ciyawa." Bai taɓa kuskure ba. Shi ya sa sunansa na gaskiya ya ɓace, ya koma Mai Hanci. Yallaɓai har alfahari yake yi da shi gaban abokai.

Gidanmu ɗaki biyu ne a bayan rumfar jirgi, cikin shingen waya, kuma tare da aikin ya zo. A nan aka haife ni. Na taso ban taɓa ganin ashana a ɗakinmu ba. Murhun Inna yana can ƙarshen shinge, tafiyar da in ta ɗauko tukunya kafin ta iso miya ta huce. Baba bai taɓa kwana biyu a jere a waje ba, don Yallaɓai ba ya sanar da ranar tashinsa sai ta matso. Ko ranar aurena, ana gama ɗaurawa ya duba agogo ya ce akwai duron da bai rufe da hannunsa ba. Har yau abin yana min ciwo, kuma na gaya masa.

Shekara huɗu da suka wuce ya yi wata mura mai nauyi. Murar ta tafi, ta tafi da hancin. Inna ce ta fara ganewa, ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus yana zaune kusa da ita yana gyaran takalmi, bai ko ɗago ba.

"Malam, ba ka ji ƙauri ba?" ta ce.

Ya dube ta, ya dubi hayaƙin, ya ajiye takalmin. Ya ce, "Kada ki gaya wa kowa."

Washegari ya shigo da wani farin tsumma a cikin gwangwani mai murfi. Ya jiƙa shi da man sabon duro. Inna, wadda ta shekara kusan talatin tana toshe hanci da bakin mayafi duk lokacin da ta gifta ɗakin ajiya, ta karɓa ta shaƙa.

"Yaya kika ji?"

"Wari na ji, me kake so in ji? Turare?"

Haka ya zauna ya koya mata da baki abin da shi ba ya iya ji. Sabon mai kaifi gare shi, yana sukar hanci ya wuce. Tsoho kuwa yana da tsami da nauyi, kamar gwangwanin fenti da aka manta a buɗe. Cikin wata biyu ta ƙware. Shi yakan tsaya gaban Yallaɓai ya kaɗa iska da hannu, ya ɗan yamutsa fuska irin ta masana, sannan ya faɗi hukuncin da matarsa ta yanke tun da safe. Nakan zolaye su in ce Inna ce ke riƙe da jirgi a sama, ko kujerar baya ba a taɓa yi mata tayi ba.

Dariyar ta ƙare lokacin da ƙirjinta ya fara kuka. Da farko tari ne, daga baya numfashi ya riƙa sarƙe mata, ta dafa bango tana jan iska da ƙyar. Ni na kai ta asibiti. Likita ya ba ta abin shaƙa, ya ce ta nisanci hayaƙi da duk wani wari mai ƙarfi, musamman fetur. Ta ce masa to, kamar ba ita ba.

Da muka dawo na sami Baba yana wanke mazurari. Raina a ɓace yake, ban tsaya gaisuwa mai tsawo ba.

"Baba, ƙirjin Inna kake ƙonawa don wani ya sha iska a sama."

"In na faɗa, ina za mu?" ya ce, bai dube ni ba. "Wa zai ajiye Mai Hanci ba hanci? Ɗakin nan na aiki ne."

"Ku zo wurina."

"Ɗakinki ɗaya da yara uku."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Ya gwada rage kawo tsumman, ya riƙa ƙin duron da yake shakka ba tare da ya tambayi Inna ba, har Yallaɓai ya fara ƙorafin cewa injin yankan ciyawa ya fi jirgi shan mai. Barin jirgin ya tashi da man da ba wanda ya shinshina kuwa, wannan Baba ba zai iya ba ko da wuƙa a wuyansa. Sai gwangwanin ya dawo.

Ranar da Inna ta faɗi a bakin ƙofa, tsumman na hannunta, leɓunanta sun canza launi, ranar ya yanke shawara. Bayan ta farfaɗo ya ce mata gobe zai gaya wa Yallaɓai komai, a kore su in za a kore su. Na zo da safe don in taya Inna haɗa kaya. Na same ta ta ɗaure tukwane a zane, ta sauke labule, tana ta ƙananan waƙoƙi. Ban taɓa sanin cewa ita ma shingen nan ya ishe ta haka ba. Har ta fara lissafa dangin da za ta ziyarta.

Baba ya dawo wajen hantsi, hularsa a hannu. Ya zauna a bakin gadon da aka riga aka yaye wa zanen.

"Na gaya masa," ya ce. "Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce ashe shekara huɗu hancin uwargida ne ke ɗauke da shi."

"Ka gaya masa maganar ƙirjinta?" na tambaya.

"Na gaya masa. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, zai aiko mata da magani mai kyau. Ya ce sau ɗaya a mako ai ba wani abu ba ne. Ya ce bai yarda da kowa ba sai mu, mu ci gaba yadda muke yi." Ya murza hular. "Ya ce ɗakin nan namu ne har iya rai."

Daga waje muna jin motar da ta kawo sababbin jarkoki tana ja da baya zuwa ɗakin ajiya.

Inna ta durƙusa ta kwance ƙullin zanen, ta mayar da tukwanen inda suke ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta goge hannu a jikin zaninta, ta ɗauki abin shaƙarta ta ajiye kusa, sannan ta miƙa wa Baba hannu.

"Gobe zai tashi, ko?" ta ce. "Kawo gwangwanin."