Shaddar Gaya da Bayan Tef Ɗina

A hannun gwaggona na koyi ɗinki, can Maiyama, tun kafin in yi aure. Ita ba ta cika damuwa da tef ba. Za ta dubi mace daga sama har ƙasa, ta ɗora tafin hannu a kafaɗarta, ta auna yadi da kamu, ta sa almakashi. Ni kam tef ta saya mini, ta ce idona bai nuna ba tukuna. Da inci na buɗe ido: ƙirji kaza, ƙugu kaza, a raba ƙirji huɗu, a ƙara inci biyu na saki, a bar rabin inci na bakin ɗinki. Da aure ya kawo ni Jega na zo da kekena da tef ɗina, na ci gaba da ɗinka wa matan unguwa. Na san bayan tef ɗin akwai wasu ƙananan lambobi a cushe, amma ban taɓa tambayar na mene ne ba. Na ɗauka ado ne na masu ƙera shi.

Maigidana fataucin albasa yake yi. Yana saye a Aliero, ya yi lodi, wani lokaci har Gaya ta ƙasar Nijar, inda yake da wani amini da suka daɗe suna hulɗa. Matar aminin ta taɓa sauka gidanmu da ta zo cin kasuwar Jega, na ɗinka mata doguwar riga kafin ta koma. Ashe rigar ta yi farin jini a can. Da za su aurar da babban ɗansu, sai ga maigidana ya shigo da ƙunshin shadda ruwan toka, ya dire a tsakar gida.

"Ga aiki ya same ki," in ji shi. "Matan gidansu duka ke sunka ce ki yi wa ɗinkin biki. Awon kowa na cikin waya."

Na zauna na kunna saƙon muryar. Matar ta gaishe ni, ta tambayi yara, sannan ta fara jero mata ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, ƙirji casa'in da shida, tsayi ɗari da arba'in. Na tsayar da saƙon, na sake kunnawa. Casa'in da shida dai. Ni a duk shekarun da na yi ina ɗinki ban taɓa auna macen da ƙirjinta ya kai inci sittin ba. Na kira maigidana na ce, "Alhaji, waɗanga mutane ko buhunan albasarka sunka auna?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai a ƙarshen kowace lamba tana cewa santi, in saurara da kyau. Na ce santin da na sani shi ne wanda ake yi in miya ta yi daɗi. Ya ce shi ma iyakarsa ke nan, ya dai san can ba su san yadi ba, mita suke cewa, kuma shaddar nan ma da mita aka yanko ta.

Dariyar ba ta daɗe a bakina ba. Shadda ce mai tsada, ta mutanen da suka tsallake telolin garinsu suka aiko mini. Na kwana biyu ina zagaya ta ban taɓa ba. Har na fara tunanin in ce a mayar musu da kayansu, in fake da ciwon baya.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata malamar lissafi da ke koyarwa a makarantar 'yan mata. Kirista ce, daga kudancin Kaduna aiki ya kawo ta, kuma ni nake ɗinka mata kayan da take zuwa coci da su. Ran Asabar ta leƙo karɓar wani siket, ta tarar da ni na yi tagumi gaban shaddar.

"Maman 'yan biyu, lafiya?"

Na kunna mata saƙon. Ta zare tef ɗin daga wuyana, ta juya shi, ta ɗora yatsa a kan casa'in da shida. Sannan ta riƙe wurin da farce ta sake juyowa. Yatsanta na kan inci talatin da takwas, saura ɗan kaɗan.

Na ce, "Lahaula! Wanga ai ƙirjin ƙanwata ne."

Na ji kunya, na kuma ji daɗi, duk a lokaci guda. Na ce to shi ke nan, sai in riƙa juya tef. Malama ta ja kujera ta zauna. Ta ce juya tef zai fisshe ni yau, amma ranar da aka ce mini labule mita bakwai fa, tef ɗin ya kai? Ta ce in bari ta nuna mini abin da ke tsakanin gaban tef da bayansa, in riƙe shi a kaina.

Da allin ɗinkina ta rubuta a kan simintin ɗaki. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, da ɗan ɗigo a kai. Na ce ɗigon nan a yafe shi mana. Ta ce in gwada da tsayin rigar, ɗari da arba'in. Na raba da biyu da rabi, ya ba ni inci hamsin da shida. Ta ce in duba tef. Tef ya ce hamsin da biyar da ɗan burbushi. Kusan inci guda cur ya shigo ta wannan ɗigon da na raina, kuma duk mai ɗinki ta san inci guda a gindin doguwar riga shi ne ke sa mace ta riƙa share ƙasa da ita. Daga ranar na haddace shi yadda yake: biyu da ɗigo biyar huɗu.

Sai muka koma kan shaddar. Yadi inci talatin da shida ne, wannan ko cikin barci na sani. Mita kuwa ta ɗara shi da inci uku da 'yan kai. Muka shimfiɗa ƙyallen da aka ce mita goma ne, na auna da hannuna, ya ba ni yadi goma sha ɗaya, saura ɗan kaɗan. Ni da nake fargabar shaddar ba za ta isa ba, sai ga shi har da rarar ɗankwali.

Duk da haka ban yarda na fara da kayan mutane ba. Na sa Malama ta auna ni ta bayan tef, ta faɗi lambobin ba tare da na gani ba, na mayar da su inci da kaina, na yanka wata tsohuwar atamfa na ɗinka. Da na sa rigar ta zauna mini cif, na fito tsakar gida ina juyi, 'yan biyuna suna tafa mini. Washegari na yi bisimilla na sa wa shadda almakashi.

Ana cikin aikin na je Maiyama duba gwaggo, na tafi mata da ƙyallen mita guda don ta gani. Ta tsufa sosai lokacin, ido ya yi rauni. Ta kama bakin ƙyallen ta ja daga hancinta zuwa ƙarshen yatsunta, ta ga ya yi saura. Ta ce, "Ɗiyata, wagga mita taku ai yadi ce da ta ci ta ƙoshi." Na yi mata bayanin ɗigon, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita kam ya wuce da ita, amma ta gode Allah da abin da ta dasa bai tsaya inda ta bar shi ba. Ta sa mini albarka har sai da idona ya kawo ruwa.

Kayan suka bi motar albasa zuwa Gaya. Jiran nan ya fi ɗinkin wuya. Ko wayar Alhaji ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ranar biki da la'asar hotuna suka fara shigowa: mata jere cikin ruwan toka, kafaɗa a kafaɗa, tsayi a idon sawu. Riga ɗaya ce kawai ta matse, ta wata inna, kuma matar aminin da kanta ta ce kada in damu, innar ce ta hana a auna ta, ta ba da awonta na zamanin da take amarya.

Daga nan aiki ya buɗe. Matan Gaya in sun zo kasuwa sai su biyo ta gidana, wasu su aiko da awo ta waya. Wata ƙungiyar mata masu ɗinki a Aliero ta ji labari ta gayyace ni. Ni da ko firamare ban gama ba, na tsaya gaban mata cike da zaure, tef a hannu, ina cewa kowa ta juya nata. Na ga fuskokinsu sun yi irin yadda tawa ta yi. Da na dawo na ba Malama labari, ta rungume ni ta ce yau ta samu abokiyar aiki.

Bara Alhaji ya karɓi wata gona a Dangamaji zai gwada noman albasar da kansa. Ya sayo maganin feshi, an rubuta a jikin kwalbar yadda za a zuba wa kowace hekta, shi kuwa da eka aka faɗa masa girman gonar. Suna zaune a ƙofar gida da abokansa ana ta gardama, wani ya ce duk ɗaya ne, wani ya ce hekta ninki biyu ce. Ina daga ciki na ji muryarsa ya ce, "Ku dakata in tambayi mai ɗakina, ita ta san waɗanga abubuwa." Ya shigo da kwalbar. Na riga na tambayi Malama wannan tun tuni don son sani, na ce masa hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, gonarsa mai eka biyar kuwa hekta biyu ce da ɗan kaɗan. Ya fita ya faɗa musu da ƙarfi, har da cewa ni na faɗa. Na koma kan kekena ina murmushi, na ci gaba da haɗa hannun rigar da ke gabana.