Giram Ɗari Biyu a Jikin Gwangwani

Akwai wata ranar Talata da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina da 'ya'ya biyu, muna zaune a gidan surukaina a unguwar Limancin Kona. Sana'ata a lokacin turaren kaki ce. Nakan narkar da kakin zuma, in zuba masa turaruka da garin sandal, in juye a faranti, idan ya daskare in yayyanka ƙanana. Mace takan ɗora guda a marfin ƙarfe bisa kasko, ya narke a hankali, ɗaki ya ɗauki ƙamshi babu hayaƙi.

Da farko a leda nake ƙullawa. Maigidana, wanda ma'aikacin gwamnati ne, ya ce kaya mai kyau bai dace da leda ba. Ya samo mini ƙananan gwangwanaye masu murfi, ya sayo sikeli, ya sa aka buga mini takardu, sunan turaren a sama, a ƙasa an rubuta giram ɗari biyu. Ni kuwa sai in ɗora gwangwani a sikeli, in yi ta zuba kaki har allura ta kai ɗari biyu, in rufe, in liƙa takarda. Shekara biyu ina haka, har alfahari nake cewa nawa turaren da awo ake sayar da shi, ba da kintace ba.

Ran nan bayan azahar wata Hajiya ta yi sallama. A Gyallesu take, malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, kuma ta daɗe tana sayen kayana. Bayan mun gaisa ta fito da gwangwanina daga jaka.

"Ƙanwata, wata magana ce ta kawo ni, kada ranki ya ɓaci," in ji ta. "Jiya na shiga aji da wannan don in koya wa yara awo. Na ce su juye abin da ke ciki su auna, za su ga daidai da abin da aka rubuta. Ɗari da arba'in suka samu. Na zaci sikelin makaranta ne ya lalace, na gwada gwangwani uku, duk haka."

Ban ma tsaya ba ta amsa ba. Na ɗauko sikelina, na cire murfin, na ɗora gwangwanin, allura ta tsaya cak a ɗari biyu. Na dube ta, ina jin na wanke kaina. Sai ta ɗauke shi daga sikelin. Ta juye kakin a kan tabarma, ta mayar da gwangwanin babu komai a ciki. Allura ta nuna sittin.

Na daɗe ina kallon allurar nan. Ina ganin bakin Hajiya yana motsi amma ba na jin abin da take faɗa. Ashe duk tsawon lokacin nan ƙarfen gwangwani nake sayar wa mutane da sunan turare. Abin da ya fi girgiza ni shi ne gidan da nake. Surukina malami ne, daga ɗakina nakan jiyo shi a zaure yana karantar da azabar masu tauye mudu, ina jinjina kai ina tausaya musu. Ban taɓa kawowa a raina cewa da ni ake ba.

Da la'asar na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa, abin da ban saba yi ba in ba gaisuwa ba. Na faɗa masa komai.

"Kin san haka kike yi?" ya tambaye ni.

"Wallahi ban sani ba, Baba."

"To, rashin sani ya ɗauke miki zunubi, amma bai ɗauke haƙƙin mutane ba. Kin san gidajensu?"

Na ce na san mafi yawa. Ya ce in fara daga nan.

Sati uku na yi ina narkar da kaki, ban sayar da ko guda ba. Ni da ƙanwar maigidana muka riƙa bin gidaje, daga lungunan cikin birni har Kufena, ina miƙa wa kowace mace cikon turarenta, ina bayani da bakina. Wasu suka yi dariya suka ce sun yafe. Wata ta karɓa fuska a ɗaure, ba ta sake sayen kayana ba, kuma ta baza labarin. Wani gida da muka shiga aka ce matar ta rasu wata huɗu da suka wuce. Na ba 'yarta ƙullin, na fito ina hawaye, don wadda zan nemi gafararta ba ta nan.

Yau na tsufa, na bar sana'ar, amma abin da na koya yana nan. Duk abin da ka rubuta a jikin kayanka alkawari ne ka ɗauka, mai saye ba zai bincika ba saboda ya yarda da kai. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta cika awo, sai ka san abin da kake aunawa.