Hayar Goro a Anacha

Baba bai cika shekara da rasuwa ba maganar sayar da gidanmu na Anacha ta taso. Ba wanda ya so a ce daga bakinsa ta fito, amma kowa ya riga ya kama gabansa. Ni aure ya kai ni Kano. Ƙannena maza biyu, ɗaya yana Fatakwal wurin harkar shanu, ɗaya yana Inugu a Kasuwar Artisan. Yayanmu, da ya gaji rumfar waken Baba a kasuwar Ochanja, ya ce kasuwa ta ƙi, Arewa zai koma. Umma kuwa ciwon ƙafa ya sa ta a gaba, ba ta zaunuwa ita kaɗai.

Gidan ba wani abin nunawa ba ne. Rufin kwano ne da ya ci tsatsa, da tsakar gida mai tsagaggen siminti, da gwaiba guda a gefen rijiya. Amma a ɗakin kudu aka haife mu duka. Ta kan katanga muka koyi yaren Ibo wurin 'ya'yan maƙwabta, su kuma suka koyi cin tuwo da miyar kuka a tabarmarmu.

Dillali ya kawo mai saye, wani ɗan kasuwar kayan gini da ke neman wurin sito. Mutumin ya ce lauyansa zai yi bincike, mu ma mu nemi namu. Yaya ya yi tsaki.

"Gidan ubanmu ne, malami ya raba gado. Lauyan me kuma?"

Duk da haka ya kira ni, na taho daga Kano, muka hau okada, wato acaɓa, zuwa ofishin wata lauya, mace mai sanyin magana. Ta duba takardun da Yaya ya kawo, na haraji da zanen gini, sannan ta ɗago kai.

"Wa zai sa hannu a cinikin?"

"Ni mana, ni ne babba," in ji Yaya.

Ta ce girma ba ya wadatarwa. Rabon da malami ya yi tsakaninmu ne, ba mai taɓa shi, amma kafin a sayar da gidan mamaci sai kotu ta ba da izinin kula da abin da ya bari, kuma sai duk magada sun yarda, har ni, har Umma. Bayan ciniki kuma sai an nemi amincewar gwamna, don a doka ƙasa a hannunsa take. Yaya yana ta gyaɗa kai kamar mai jin wa'azin da ya yi tsawo. Sai ta tambaya:

"Kakanku yaya aka yi ya sami filin? Saye ya yi?"

"Ba shi aka yi. Goro ya kai wa masu wurin."

Ta ajiye biro. Ta ce a Anacha akwai tsohuwar al'ada da ake kira hayar goro. Dangi su ba baƙo fili, ya kai musu goro, ya gina, ya zauna shi da jikokinsa ba mai tashinsu. Amma in zai bar wa wani bare, sai masu ƙasar sun yarda. Ba tare da yardarsu ba, in ji ta, lauyan mai saye ba zai bari ya taɓa gidan ba.

Sai da muka shiga gida Yaya ya fashe.

"Umma, ashe mu baƙi ne? Kaka, da Baba, da mu, duk a aro muke zaune?"

Umma tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wane aro? Da kakanku ya rasu, babanku ya kai musu goro. Ku ma da kun tambaye ni, da tuni kun kai. Zumunci ne, ba bara ba."

Ranar Asabar muka ɗauki goro mai kyau da lemon kwalba, muka shiga tsohon gari wurin shugaban dangin. Tsoho ne ƙwarai, da jar hula, idonsa ɗaya ya yi fari. Muka durƙusa za mu gaishe shi da yarensa, sai ya riga mu da Hausa irin ta da:

"Maraba da 'ya'yan abokina. Yaya muka ji da haƙuri?"

Kuka ya kusa ƙwace mini. Haka Baba yake jan gaisuwa.

Yaya ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon ya jima yana juya goro a tafin hannunsa, sannan ya koma yaren Ibo, a hankali, don mu ji kowace kalma. Ya ce lokacin yaƙin basasa kakanmu ya gudu a bayan motar kaya, su ma daga baya suka gudu daji. Da suka dawo, gidan ba rufi, ciyawa ta kai ƙugu. Mutane suka yi ta zuwa neman filin, mahaifinsa ya ce mai shi zai dawo. Ya kuwa dawo, da Baba yana saurayi, suka kwana a ɗakin da ba rufi har suka haɗa kwano.

"Wancan karon wuta ce ta kore ku," in ji shi. "Yanzu fa, 'yata, me ya kore ku?"

Ni ya kalla, ba Yaya ba. Na ce:

"Ba abin da ya kore mu, Baba. Ɗaya bayan ɗaya muka fita, kowa yana cewa zai dawo."

Ya gyaɗa kai. Ya fasa goron, ya yi addu'a irin tasu, ya miƙo mana. Ya ce ba zai hana mu ba, mai sayen ya zo da nasa goron. Da muka tashi, ya riƙe hannun Yaya ya ce a gaida Umma, a ce mata ta yafe musu in sun taɓa saɓa mata.

Sauran aikin ya ci watanni: kotu, da safiyo, da zirga-zirga zuwa Awka, babban birnin jiha. Ranar sa hannu ƙannena suka zo. Lauya ta sa aka fassara wa Umma takardar layi-layi kafin ta dangwala yatsa. Da aka gama, Umma ta yi tambaya ɗaya:

"In na zo garin, zan iya shiga in sha ruwa?"

Lauya ta ce doka ba ta ba da wannan ba, sai dai mutunci. Mai sayen ya yi saurin cewa ƙofa a buɗe take. Duk mun san sito ba a shan ruwa a cikinsa.

Da safe muka tashi daga tashar mota ta Upper Iweka, cikin hayaƙin manyan motoci da ihun 'yan kamasho. Umma ba ta yi kuka ba sai da muka hau gadar fita gari, ta ga babban kogi ya buɗe. Ta ce a hankali, "Mun bar Malam shi kaɗai." Babanmu take nufi, da kabarinsa.

Yanzu tana ɗakin da na gyara mata a Kano. Dangi suna zuwa, suna yi mata barka da dawowa gida, tana amsawa da fara'a. In sun tafi sai ta yi shiru. Ni ma a nan 'yar Anacha ake kirana, ban kuwa taɓa musawa ba.

Bara ƙanena na Inugu ya bi ta unguwar, ya ce an rushe gidan, bene ya tashi. Na ce kada ya turo mini hoto. Bayan sati na kira shi na ce ya turo. Na daɗe ina kallo, ina neman inda ƙofarmu take, ban gane ba. Ban nuna wa Umma ba. Da yamma ina shafa mata magani a ƙafa, ta dubi sararin Kano da ko gajimare babu, ta ce:

"Can yanzu ruwa ya sauka."