Maƙwabcinmu Mai Fasa Dutse

Shekarun da muka yi a Dayi, katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani mutum mai fasa dutse. In masu haƙar rijiya suka ci karo da dutse, shi ake kira ya zo da hodarsa mai fashewa ya tarwatsa shi. Malam kawai muke ce masa. Yana noman masara da auduga kamar kowa, amma ban taɓa ganin datti a rigarsa ba. Fara ƙal zai tafi gona, haka zai dawo.

Ba ya faɗa, ba ya dariya. Gaisuwarsa doguwa ce, sai ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, idonsa kuwa yana can bayan kafaɗarka. Matarsa ta daɗe kwance da ciwon ƙirji. In mun shiga dubiya, ƙasa-ƙasa take magana ko da ba ya nan.

Wata damina jakin wani dattijo ya shiga gonarsa ya yi ɓarna. Malam ya koro jakin har ƙofar mai shi, ya ce ba komai, dabba ce. Washegari aka tarar da jakin a mace, bakinsa duk kumfa. Kowa ya yi zarginsa, ba wanda ya furta.

Da kaka ta yi, ya mai da matarsa wurin danginta a Musawa, ya ce ya sami aiki a wani gari mai nisa. Ranar tafiyarsa na leƙa ta saman katanga na gan shi da wuƙa yana ɓare bawon mangwaron gidansa, yana zagaya gindin a hankali. Na ce, “Malam, ai zai bushe.”

Bai ɗago ba. “Na sani, Hajiya,” in ji shi.

Muna cikin sussukar masara muka ji a rediyo bom ya tashi a wata makarantar firamare can nesa, da safe, yara suna tsaye a layi. Muka yi salati, muka yi musu addu'a, muka ci gaba da aiki. Bayan 'yan kwanaki jami'an tsaro suka tsaya a ƙofarmu, suka nuna wa maigidana hoto. Ya shigo ya zauna a kan turmi, ya ce mini Malam ne ya ta da bom ɗin, kuma shi ma ya mutu a wurin.

Sun fasa ɗakinsa. Ba komai sai tabarma a naɗe da ƙasa shararriya, har sawun tsintsiya na nan. An tambayi matarsa dalili, ta ce tun da aka kawo ta gidan bai taɓa gaya mata abin da ke ransa ba. Har yau ba mu ji dalilin ba. Gidan ya zama kango, masu babur ma ba sa fakewa a inuwarsa.

Da yammacin ranar da jami'an suka zo ina yi wa 'yata kitso, lokacin tana aji uku, sai ta ce Malam ya taɓa tsai da ita a hanya. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce tambayarta ya yi ko ta wane gefe suke tsayawa layi da safe a makarantarsu, ta nuna masa, ya gode mata.

Na kasa ƙarasa kitson. Haka ta tafi makaranta washegari da rabin kai a tsefe, ina biye da ita har ƙofar aji.