Layin da Haladu Ya Bari a Dei-Dei

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Haladu, ɗan dako a ɓangaren siminti da rodi na kasuwar Dei-Dei. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, irin wanda ƙurar siminti ke bar wa mutum. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da ya tayar mini da maganarsa, a ajinmu na yaƙi da jahilci ne, inda nake zuwa bayan an tashi aiki. Malaminmu ya rubuta gurguzu da jari-hujja a allo, ya ce mu yi muhawara. Ya ce na farko shi ne a haɗa ƙarfi a raba amfani, na biyu kuwa kowa ya ci abin da dukiyarsa da kasuwa suka ba shi. Aji ya ɗauka da zafi, ana ta ambaton ƙasashen da babu wanda ya taɓa takawa a cikinmu. Ni dai duka biyun na gan su a gindin tirela.

Lokacin da muka zo Abuja, idan motar siminti ta tsaya, mai kaya zai fito bakin shago ya miƙa yatsa: kai, kai, da kai. Samari masu kaurin wuya ake nunawa. Wanda furfura ta fara fito masa sai ya wuni a zaune yana kallon mota. Haladu kullum yana cikin waɗanda ake nunawa, kuma shi ne ya ce ba za a ci gaba da haka ba. Ya raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da samari da dattawa. Mota ta zo, rukunin da ke kan layi shi zai sauke ta. Dattawa su hau saman mota suna ɗora wa samari buhu, ko su tsaya cikin shago suna jerawa, lada kuma a raba daidai. Wannan shi muke kira layi.

Wani ma'aikacin gwamnati da ya zo sayen kwanon rufi ya tsaya ya kalli tsarin, ya ce, "Malam, ai wannan gurguzu kuke yi." Haladu ya share gumi ya ce, "Ranka ya daɗe, zagi ne ko yabo? In zagi ne bari in ajiye buhun tukuna." Mutumin ya yi dariya har ya riƙe mota. A nan yayana ya fara jin kalmar, kuma bai taɓa damuwa da ita ba.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, layi yana da nasa ciwon. Akwai ragwaye da suka gane cewa ko sun yi ko ba su yi ba rabonsu na nan. Da an ce rodi ne, sai su ce ciki ya murɗa musu, ba za a sake ganinsu ba sai wajen rabo. Motar da ya kamata a gama kafin azahar takan kai la'asar. Alhaji Ɗanlami, babban dilan siminti a ɓangarenmu, ya taɓa tare Haladu ya ce, "Ni na sayi kaya, ni zan biya, amma kai za ka zaɓo mini tsoho?" Haladu ya ce, "Alhaji, tsohon nan a ƙofar shagonka ya tsufa." Ragon kuwa Haladu kan kira sunansa a gaban kowa ya ce yau ya je ya huta. Ba mai musu da shi, domin babu wanda ya kai shi ɗaukar kaya. Sai bayan ya rasu na gane cewa tsarin gaba ɗaya a wuyan mutum ɗaya yake.

Wanda ya gaje shi a shugabancin 'yan dako Garba ne, mutumin da a da aikinsa bin Haladu a baya yana cewa haka ne. Yanzu ba a kiransa Garba sai Kwamared Ciyaman. Ya sayi jar hula. Yana shiga rediyo yana tsine wa 'yan jari-hujja masu shan jinin talaka, da murya kamar zai yi kuka, alhali tifofinsa na jigilar yashi, direbobin kuma ya hana su shiga kowace ƙungiya. A hannunsa layi ya zama gonar gado. Surukinsa da bai taɓa ɗora buhu a ka ba yana cikin rukuni, ana kai masa rabo har gida. Mota mai sauƙi ta masu gaishe shi da durƙuso ce, rodi da tsakar rana na masu yi masa tambaya. Idan wannan ne gurguzu, to sarauta ce kawai ta sauya hula.

Shi ma Alhaji Ɗanlami kada ya ji daɗi. Kullum bakinsa a bar kasuwa ta yi halinta, gasa ita ce ci gaba. Amma da ya ji ƙishin-ƙishin farashi zai tashi, sai ya garƙame sito ya ce kaya sun ƙare. Kwangila kuma ba gasa ke kawo masa ita ba, ƙanin matarsa ne a wata ma'aikata. Gasar da yake so ɗaya ce, wadda ake yi tsakanin wuyanmu.

Bara mutanen nan biyu, da ake cewa ba sa ga maciji, suka zauna kujera ɗaya a ƙarƙashin rumfa, aka rataya hoton Haladu a bayansu, aka raba lemo. Garba ya miƙe ya ce zamani ya canja, layi yana jawo wa kasuwa baya, ko marigayi yana raye da kansa zai soke shi. Alhaji ya tafa. A ranar aka koma miƙa yatsa. Garba bai rasa komai ba, domin yanzu ta hannunsa dilolin ke neman ma'aikata.

Wanda ya rasa shi ne Markus. Mutumin Filato ne, tare suka fara dako da Haladu, iyalinsa suna haya a Orozo, 'yarsa ta ƙarshe tana sakandare. Gwiwarsa ta lalace tun wata rana da rodi ya zame masa, amma a saman mota babu wanda ya fi shi iya ɗora buhu yadda ba zai karya wa mutum wuya ba. Tun da aka soke layi yatsa bai sake tsayawa a kansa ba. Idan ya daina samu, yarinyar za ta bar makaranta, su koma ƙauye.

Nakan tambayi kaina me Haladu zai ce da ya ga wannan. Ba na jin zai tsaya gardamar wace kalma ta fi. Na san shi, zai kalli Garba da Alhaji ya rasa wanda zai fara tofa wa yawu, sannan ya juya ya tambaye mu ko Markus ya karya kumallo.

Don haka mu huɗu da muka rage daga tsohon rukunin Haladu muka yanke shawara: duk wanda zai ɗauke mu, sai da Markus. Wani dilan yakan yarda. Wani yakan ce ba gidan marayu ya buɗe ba. Makon jiya Alhaji Ɗanlami ya nuna mu huɗu. Na ce, "Mu biyar ne, Alhaji." Ya kalli gwiwar Markus, ya juya ya kira wasu samari. Markus ya kama hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, ku je mana. Kar yaranka ya sha wahala saboda ƙafa na." Muka zauna a kan bulo muna kallo har aka gama sauke motar.

Ban san iya inda za mu kai ba. Sabo, ƙaramin cikinmu, matarsa ta haihu, ya fara sunkuyar da kai idan ana nuna mutane, kuma ba zan zarge shi ba ranar da ya tashi. Haladu bai bar gida ba, bai bar fili ba, tsarin da ya kafa ma an rushe shi da sunansa. Abin da ya rage nasa bai wuce maza huɗu masu 'ya'ya da ke jin kunyar tashi su bar na biyar a zaune ba. Jiya kuma an ɗauke mu, mu biyar, Markus yana sama.