Baƙar wuƙa a ajin Turanci

Ina aji biyar na sakandare a Daura malamin Turancinmu ya shigo da wuƙaƙe biyu. Ɗaya sabuwa fil daga kanti, sai ƙyalli take. Ɗayar baƙa ce, ƙirar maƙera, ya aro ta wurin mai dafa mana abinci.

Ya ɗaga sabuwar ya ce, "Wannan sharp, wato mai kaifi." Ya ɗaga baƙar ya ce, "Wannan kuma blunt, dakusasshiya. Ku rubuta."

Ni 'yar maƙeri ce. Tun ina ƙarama na san wuƙar kanti ba ta yanka sai an wasa ta. Daga inda nake zaune ina hango farin bakin baƙar, alamar ba ta daɗe da shan dutse ba.

Na ce, "Malam, ka juya su. Baƙar ce mai kaifin."

Ya ce, "Ke 'yar maƙera, Turanci na zo koyarwa ko ƙira?"

"To a kawo tumatir mu gani."

Aji ya kwashe da dariya. Ya ce ko in rubuta yadda ya faɗa, ko in fita in durƙusa a rana har a tashi.

Kalmomin nasa na karɓa, don ban san su ba sai ranar. Amma kowacce na rubuta ta a gaban wuƙar da ta dace da ita. Na ajiye masa littafin a buɗe kan tebur, na fita na durƙusa.